Na'urar Cire Gashi ta Gida da Baƙar Fata

Duk mai bibiyar tallan kayan gyaran jiki a Instagram ko TikTok ya san abar. 'Yar na'ura ce da ake riƙewa a hannu, da ƙaramar tagar gilashi a bakinta. A ɗora ta a ƙwauri ko a hammata, a danna, ta yi walƙiya, a matsa gaba. Masu talla suna cewa mako 8 zuwa 12 ya isa mutum ya rabu da reza har abada. Tana da tsada, amma ana saye, don aski ba ya ƙarewa, ga shi kuma addini bai so Musulmi ya bar gashin hammata da na mara su wuce kwana 40 ba. Wanda aka ce masa ga hanyar hutawa dole ya kasa kunne.

Na'urar tana rage gashi, wannan gaskiya ne, amma sai a jikin mai farar fata da baƙin gashi, kuma sai in ana ci gaba da amfani da ita. A jikin mafi yawan masu karanta wannan rubutu kuwa, ko dai ta ƙi yin walƙiyar, ko ta ƙona fata. Dalilin duka biyun ɗaya ne, wato melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi launinsu. A kansa nake so mu fi daɗewa.

Tukuna dai, gashin kansa. Wanda ake gani a saman fata ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi. Mai ran yana can ƙasa, a gindin wani siririn rami da ya nutse 'yan milimitoci cikin fata. Ɗan Adam yana da irin waɗannan ramuka kusan miliyan 5, kimanin 100,000 daga ciki a ka, kuma da su aka haife shi, ba a ƙara masa ko ɗaya daga baya. Kowane rami da lokacinsa. Ya yi ta fitar da gashi, ya tsaya ya huta, tsohon ya faɗi, sabo ya tsiro. Na ka yakan shekara da shekaru yana girma, na ƙafa 'yan watanni ne kawai, shi ya sa bai wuce inda ya saba tsayawa.

Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin masu cewa aski yana ƙara gashi, amma ina! Har yau za ka ji uwa tana hana 'yarta taɓa reza, wai gashin zai dawo da kauri da yawa da baƙi. Ta yaya reza da ke yanke matacce a sama za ta aika wa saiwa saƙo a ƙasa? Tun 1928 wata masaniyar halittar jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta zauna ta auna gashin da ake askewa, ta tarar babu abin da ya canza a kaurinsa ko launinsa ko saurin fitowarsa, kuma waɗanda suka sake gwadawa a bayanta abin da suka gani ke nan. Gashin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne mai laushi. Reza takan datse shi a tsakiya, inda ya fi kauri, sai ya fito da baki mai kaushi yana sukar hannu. Saurayi kuma yakan fara aski ne daidai lokacin da balaga ke cika masa fuska da gemu, sai a ɗora wa reza aikin da shekaru suka yi. Da aski yana ƙara gashi, da wanzamai sun daɗe da gama da sanƙo a ƙasar Hausa.

To, mu koma kan melanin. A 1983 wasu masu binciken fata biyu a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, Rox Anderson da John Parrish, suka buga wata 'yar maƙala a mujallar Science wadda duk wata na'urar cire gashi da haske ta yau daga ita ta samo tushe. Tambayarsu ita ce, ta yaya za a ƙona wani ƙanƙanin abu da ke cikin fata ba tare da an taɓa maƙwabtansa ba, kuma ba tare da an saita shi ɗaya bayan ɗaya ba? Amsar da suka bayar tana da daɗin ji. Ka zaɓi launin hasken da abin nan ya fi sha fiye da naman da ke kewaye da shi, ka watsa a kan wurin gaba ɗaya, shi da kansa zai zuƙe hasken ya mai da shi zafi. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga ya shiga ranar Afrilu a Sakkwato, abokinsa na gefe da fara, ya san abin a jikinsa: rana ɗaya ce, amma ba zafi ɗaya suke ji ba. Sharaɗi na biyu shi ne lokaci. Dole walƙiyar ta zo ta wuce kafin zafin ya samu damar yaɗuwa, kuma ga gashi ana maganar kaso kaɗan ne cikin dubu na daƙiƙa. Akwai lissafinsa, ba sai mun shiga ba.

Da farko jan tabon haihuwa da ke fuskar yara aka yi wa magani da wannan dabara, domin jini yana shan wani launi na haske. Sai a 1996 Melanie Grossman da Anderson da abokan aikinsu suka nuna cewa leza tana iya lalata saiwar gashi. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, ƙwayoyin da ke sake haifar da gashi su kansu ba su da launi, haske ba ya ganin su. Suna zaune ne a wani ɗan kumburi a jikin ramin, inda aka gano su a 1990. Sandar gashin da ke cikin ramin, mai cike da melanin, ita ce ke ɗaukar zafi ta miƙa musu. Gashin da kansa ake sawa ya ƙona gidansa. Daga nan abubuwa da yawa suke warwarewa ba sai an yi dogon bayani ba. Furfura ba ta jin haske, haka jan gashi da fari irin na wasu Turawa. Ramin da ke hutu ba ya lalacewa sosai, shi ya sa ake maimaitawa bayan makonni. Kuma wadda ta yi halawa ta tumɓuke gashin daga tushe ta cire abin da hasken zai kama, in ta haska bayan nan ta haska banza. Halawa da wannan na'ura ba sa haɗuwa. Aski ake yi kafin a haska, don sandar ta zauna a cikin rami.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kafin haske ya kai ga saiwa, dole ya ratsa saman fata, kuma saman fata shi ma melanin ne da shi. Baƙi da Bature kusan adadin ƙwayoyin da ke yin melanin ɗaya gare su. Bambancin shi ne namu suna yin sa da yawa, a manyan ƙunshi, su rarraba shi ko'ina a saman fata. Ni'ima ce babba, ita ke kare mu daga ranar da ke sa wasu ciwon dajin fata. Amma haske ba shi da hankalin da zai ce wannan melanin na gashi ne, wancan na fata. Inda ya fara tarar da baƙi, nan zai sauke zafinsa. A jikin mai farar fata yakan wuce saman kusan salin-alin ya je ya sami baƙin gashi shi kaɗai a ƙasa. A jikinmu tun a bakin ƙofa ake tare shi, fata ta sha zafin, saiwa ta samu ragowa.

Likitoci sun samo mafita, kuma mafitar tana cikin tsawon zangon hasken, wanda ake aunawa da nanomita. Lezar farko, ta dutsen rubi, 694 ce, melanin yana shan ta da haɗama, don haka ba ta dace da baƙar fata ba sam. Ta alezandarait 755 ce, ta dayod wajen 810. Sai wadda ake kira Nd:YAG, mai 1064. Gwargwadon tsawon zango, gwargwadon yadda melanin ke rage shansa, kuma gwargwadon zurfin da yake kaiwa. Hasken 1064 yakan ratsa baƙar fata ba tare da ta kama shi sosai ba, ya je ya sami gashi, inda melanin ya fi cunkushewa, a haɗa da sanyaya fatar kafin walƙiya da bayanta. Ita ce lezar da likitocin fata suka fi amincewa da ita ga irinmu, kuma babbar na'ura ce ta asibiti. Waɗanda ake sayarwa don gida galibinsu ma ba leza ba ne. Fitila ce mai walƙiya da ake kira IPL, tana watsa haske mai zango barkatai, daga wajen 500 har zuwa 1,200, har da gajerun da baƙar fata ke zuƙewa nan take. Haka su Philips Lumea da Braun Silk-expert suke. Tria ce ta yi suna a matsayin leza ta ainihi, ta dayod, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a sayar don gida a 2008, kuma ita ma an hana masu duhun fata amfani da ita.

A bayan kwalin za ka ga jerin launuka daga fari fat zuwa baƙi, an soke na ƙarshe ko biyun ƙarshe da alamar hani. Ma'aunin Thomas Fitzpatrick ne na jami'ar Harvard, wanda ya fito da shi a 1975, kuma yau yana da matakai 6. Yawancin Hausawa a mataki na 5 da na 6 suke. Kamfanonin kirki sukan sa wa na'urar ido mai auna launin fata, in ta ga duhu ya yi yawa ta ƙi walƙiya. Sai mai ita ya ɗauka ta lalace, alhali ceton sa ta yi. Wasu 'yan kaɗan suna cewa tasu ta dace da kowace fata, kuma hanyar da suke bi yawanci ita ce rage ƙarfin hasken. Abin tsoro shi ne marasa suna masu araha, waɗanda ba su da wannan ido, duk inda aka ɗora su sai su harba. Ƙunar tana da siffar da ba a mantawa: 'yan murabba'ai a jere daidai girman tagar gilashin, sun sauka layi-layi a ƙwauri. Ranar farko zafi da ja, kashegari bororo, bayan mako ɓawo ya ɓare, sai tabo baƙi ƙirin ko fari ya zauna wata da watanni. Mai jikin da ke yin tabo mai tudu kuwa yana iya samun abin da zai bi shi har tsufa.

Kada mai shafa man bilicin ta ce ai ita ta yi haske, ta tsira. Fatar da aka ƙoƙe da mai ba launi ɗaya gare ta ba, nan fari can baƙi, ga gwiwa ga gaɓoɓin yatsu, kuma mayukan da ke ɗauke da sitiroyid suna sa fata ta yi siriri ta kasa warkewa da wuri. Su ɗin ma suna cikin abubuwan da ke tsiro wa mata gashi a fuska. Haka duk wani baƙi da ke kan fata, tawadar Allah ce ko zanen lalle ko tatu, haske zai taru a kansa. Kusa da ido kuwa ba a zuwa ko da wasa, domin baƙin ƙwayar ido melanin ne, kuma likitoci sun rubuta labarin mutanen da suka lalata shi garin gyaran gira.

Ko ga wanda fatarsa ta dace, me ake samu? Na'urar asibiti takan sauke ƙarfin haske na jul 20 zuwa 40 ko fiye a kan kowane santimita murabba'i na fata. Yawancin fitilun gida ba sa kai 10. Da gangan aka yi haka, don abin da za a miƙa wa wanda bai koya ba dole a rage masa kaifi. Wannan ɗan zafi ba ya kashe yawancin saiwoyi, yakan firgita su ne su shiga hutu, gashin ya zube, wanda ya dawo ya dawo siriri. Mai amfani da ita zai ga sauƙi na gaske, ƙafa ta yi sumul, aski ya ragu. In ya ajiye ta wasu watanni, da yawa daga gashin zai dawo, shi ya sa takardar cikin kwalin take cewa a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Ita kanta FDA abin da ta yarda a faɗa game da na'urorin haske, har na asibiti, shi ne raguwar gashi mai ɗorewa, wato a ƙirga gashin wata 6 da 9 da 12 bayan an gama a ga bai koma yawansa na da ba. Binciken da aka yi a kan na gida yawanci ƙanana ne, na ɗan lokaci, kuma da yawansu kamfanonin ne suka biya kuɗinsu. Akwai ma wani abin mamaki da likitoci suka tabbatar: a jikin wasu, musamman a fuska da wuya, kuma musamman masu duhun fata, haske mara ƙarfi yakan ta da gashin da ke kwance ya ƙara masa kauri.

Wasu kuma tsoronsu daban ne, wai hasken yana sa ciwon daji ko yana hana haihuwa. Wannan ba shi da tushe. Hasken bai wuce 'yan milimitoci a fata ba, ina shi ina mahaifa? Ba kuma irin hasken da ke lalata ƙwayar halitta ba ne, kuma akwai gilashin da ke tace na ultarabayolet. Amma tsoron yana da tarihi, kuma tarihin ya cancanci a ba da shi. A shekarun 1920 wani likita a New York, Albert Geyser, ya ƙera na'ura mai suna Tricho, aka baza ta a shagunan gyaran jiki na birane da dama a Amurka da Kanada. Mace za ta zauna gaban wani akwati, ta kai haɓarta saitin 'yar taga, a kunna. Ba zafi, ba wari, sai ɗan ƙugi na 'yan mintoci. Bayan wasu zuwa gashin ya zube, kuma bai sake dawowa ba. Alkawarin har abada ya cika. Abin da ba a gaya wa matan ba shi ne, hasken eksire ne a cikin akwatin, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Likitocin Amurka sun yi ta gargaɗi, kamfanin ya rushe, amma wasu suka ci gaba da sana'ar a ɓoye da wasu sunaye. Bayan shekaru fatar matan ta fara tamoji da gyambo, bayan shekara 20 ko 30 ciwon daji ya bayyana a fuska da wuya, wasu aka yanke musu muƙamuƙi, wasu suka rasu. A farkon shekarun 1930 kuma aka sayar da wani mai, Koremlu, wanda aka haɗa da taliyam, gubar da ake kashe ɓera da ita, ya bar mata da shanyewar jijiyoyi da lalacewar gani. Fitilar yau ba ta kusa da waɗannan a haɗari. Kasuwar ce dai ba ta canza ba: mutum mai jin kunyar abin da ke jikinsa ba ya yawan tambaya kafin ya biya.

Hantsakin lantarki, wanda ake cewa yana kama gashi ya tura wuta ta cikinsa har saiwa, ba ya buƙatar dogon zance. Gashi ba ya ɗaukar lantarki yadda ya kamata, tsiga ce kawai da ƙarin batir. Tun a shekarun 1980 hukumar cinikayya ta Amurka ta hana kamfanin Removatron yin wannan iƙirari.

Macen da gemu ya fito mata sosai, ga al'ada tana rikicewa, ga ƙuraje ko ƙiba, likita take buƙata kafin kowace na'ura. Sau da yawa matsalar sinadaran jiki ce da ta shafi ƙwan mahaifa, wadda ake kira PCOS, kuma muddin ba a kula da ita ba jiki zai ci gaba da mai da siraran gashi masu kauri. Akwai wani mai da ake rubuta wa irin waɗannan mata, eflonitin, wanda ke rage saurin tsirowar gashin fuska, kuma labarinsa ya shafe mu. Maganin ciwon barci ne, cutar ƙudan tsando, wadda ta addabi ƙasar Zazzau har gwamnatin mulkin mallaka ta tashi mutanen yankin Anchau ta gina musu Takalafiya. Maganin yana tashin wanda ya riga ya suma, amma a shekarun 1990 aka daina yin sa saboda masu cutar talakawan Afirka ne, ba riba. Sai a 2000 ga shi ya fito a Amurka da sunan Vaniqa, man gashin fuska. Ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu suka yi ca, kuma a 2001 kamfanin Aventis ya ƙulla yarjejeniya da Hukumar Lafiya ta Duniya aka dawo da yin allurar.

Hanya ɗaya tak FDA ta yarda a kira cirewa ta har abada, kuma ta girmi cire gashi da leza da fiye da shekara 100. Wani likitan ido a St. Louis, Charles Michel, shi ya bayyana ta a 1875, yana neman maganin gashin ido da ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido. Siririyar allura ake zurawa cikin ramin gashi, a saki 'yar wutar lantarki ta lalata saiwar, ɗaya bayan ɗaya. Ba ruwanta da launi, tana yi wa baƙi da fari, tana cire furfura. Sai dai tana cin lokaci, tana da zafi, kuma komai ya rataya ne a hannun mai yi. Ana sayar da ƙanananta don gida, amma zura allura daidai cikin ramin da ido da ƙyar yake gani, a haɓar kanka, ta madubi, hanya ce ta tara tabo.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar leza a cikinmu, a ganina, maza ne masu ƙurajen aski. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ƙasa-ƙasa sai ya lanƙwaso ya soki fata, wuya da haɓa su cika da ƙuraje da baƙin tabo, ƙeya ma wani lokaci ta yi tudu. Wanda aikinsa bai tilasta masa aski ba, ya bar gemun ko ya rage da kilifa, magana ta ƙare. Ga soja da ɗan sanda da makamantansu, Nd:YAG tana taimakawa ƙwarai, don gashin da ya yi siriri ba ya iya huda fata. Wanda zai je wurin masu yi a Abuja ko Kano ko Yamai, ya tambayi sunan na'urar da lambar zangonta. In aka ce IPL ce, ya kama gabansa. In 1064 ce, ya nemi a gwada a ɗan wuri ƙarami a gefen wuya, ya koma gida ya jira kwanaki, domin baƙar fata takan jinkirta kafin ta nuna ƙuna. Zama ɗaya ba ya isa, yawanci sai an yi 6 zuwa 8 da makonni a tsakani, kuma bayan nan ma akan koma jefi-jefi.